Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Sufurin Jiragen Sama, Mista Festus Keyamo

Mai girma Minista, barka da aiki.

Ni tsohon ma'aikacin filin jirgi ne a Kano. Ƙuruciyata ta ƙare a ƙarƙashin fiffiken jirgi, ina lodin jakunkunan alhazai da dilolin fatake a cikin zafin bazara da hazon hunturu. Na kuma daɗe ina biyan kuɗin ƙungiya duk wata. Abin da ya sa na zaɓi in rubuto maka kai tsaye shi ne kai ba baƙo ba ne a maganar haƙƙin ma'aikata. Lauya ne kai da ya yi suna wajen kare haƙƙin ɗan Adam, ka riƙe muƙamin ƙaramin ministan ƙwadago daga 2019 zuwa 2023, sannan ka yi kakakin yaƙin neman zaɓen Shugaba Tinubu. Ka san harshen ma'aikaci, ka kuma san na ɗan siyasa.

Ranka ya daɗe, a harkar nan tamu duk gwamnatin da ta zo sai ta rushe abin da ta tarar ta kafa nata, mu kuma ma'aikata a kanmu ɓaraguzan ke zuba. Ka duba Nigeria Airways, tsohon kamfanin jiragen sama na gwamnatin tarayya. A 2003, zamanin Shugaba Obasanjo, kamfanin ya daina tashi, aka watsa dubban ma'aikata. Matuƙa da injiniyoyi da masu sayar da tikiti da masu shara duk suka koma gida suna jiran kuɗin sallama. A zamanin Buhari aka amince da naira biliyan 45, a 2018 aka saki kusan rabi, wato biliyan 22 da ɗoriya, ana dab da shiga kakar zaɓe. Ragowar kuwa shekara da shekaru aka shafe ana kai-komo a kanta. Na san irin waɗannan dattawa. Za ka ga mutum da farar furfura riƙe da tsohuwar jakar takardu, katin shaidarsa na aiki ya koɗe har hoton ba ya ganuwa, amma bai yarda ya rabu da shi ba, don kada ranar tantancewa ta zo a ce ba shi ba ne. Da yawansu sun riga mu gidan gaskiya ba su ga haƙƙinsu cikakke ba.

Sai aka zo da shirin kafa sabon kamfanin jiragen sama na ƙasa, Nigeria Air. A watan Yulin 2018 ministan wancan lokaci, Sanata Hadi Sirika, ya ƙaddamar da suna da tambari a Farnborough ta Ingila, bayan wata biyu aka dakatar. Aka sake tayar da maganar, aka ce kamfanin Ethiopian Airlines zai riƙe kashi 49 cikin ɗari, har aka sauko da jirgi guda a Abuja ranar 26 ga Mayun 2023, saura kwana uku gwamnati ta sauka. A cikin watan nan dai aka amince da jinginar da filin jirgin Abuja na shekara 20 da na Malam Aminu Kano na shekara 30. Da ka hau kujera a watan Agusta, sai ka dakatar da Nigeria Air da jinginar duka. Ban ce ka yi kuskure ba; ƙungiyoyinmu ma sun daɗe suna adawa da jinginar. Abin da ke damuna shi ne ma'aikacin hukumar kula da filayen jiragen sama, FAAN, da ke Kano ya kwana ya tashi watanni bai san wane ne zai zama ubangidansa ba, bai san makomar giratutinsa da fanshonsa ba, ba a tambaye shi ranar ɗaurawa ba, ba a tambaye shi ranar kwancewa ba. Haka aka yi da mayar da hedikwatar FAAN Legas a farkon 2024. Manya suka yi ta cacar baki a kan Arewa da Kudu, amma kuɗin hayar ma'aikacin da za a ɗaga da makarantar 'ya'yansa ba su samu shiga muhawarar ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Babban abin da ya tsaya mini a rai shi ne dokokin sufurin jiragen sama da aka sa wa hannu a 2022. An cusa sashen da ya sa aikinmu cikin ayyukan da ba a yarda a yi yajin aiki a cikinsu ba. Da ma'aikatan NAHCO, kamfanin lodi da sauke kaya a filin jirgi, suka ajiye aiki a Janairun 2023, da wannan doka ministan wancan lokaci ya yi barazana. Shin ta hana komai? A watan Afrilun shekarar ƙungiyoyinmu na NUATE da ATSSSAN da NAAPE da ANAP suka yi yajin gargaɗi na kwana biyu, suka tare hanyoyin shiga filin jirgin Legas, fasinjoji suka riƙa jan akwatuna a ƙafa. Cikin ƙorafinsu har da ƙarin albashin ma'aikatan hasashen yanayi na NiMet wanda ya maƙale tun 2019. A Afrilun 2025 ma'aikatan NiMet ɗin suka sake ajiye aiki, har kamfanin Air Peace ya dakatar da tashin jiragensa. Wanda bai taɓa ganin hazon Kano a watan Janairu ba ba zai gane nauyin aikin mutanen nan ba. Akwai safiyar da kana tsaye a bakin jirgi ba ka hango ƙarshen titinsa, matuƙi yana sama yana jiran mai hasashen yanayi ya gaya masa nisan da ido ke iya gani kafin ya yanke shawarar sauka. Rayukan mutum ɗari da wani abu na rataye da wannan lissafi. In har aikin ya kai a hana mai shi yaji, ai ya kai a biya shi a kan lokaci.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma ba zan ɓoye namu laifin ba. Lokacin da aka lakaɗa wa shugaban ƙungiyar ƙwadago ta NLC, Joe Ajaero, duka a Owerri, babban birnin jihar Imo, ranar 1 ga Nuwamban 2023, raina ya ɓaci ƙwarai. Amma umarnin da aka ba ƙungiyoyinmu na hana jirage zuwa Owerri ya faɗo ne ana saura kwanaki a yi zaɓen gwamnan Imo, kuma mutane da yawa sun ɗauke mu 'yan amshin shatan wani ɓangare. Yajin aikin 3 ga Yunin 2024 daban ne: an rufe filayen jirgi a kan mafi ƙarancin albashi, daga baya aka samu naira dubu 70. Duk da haka na lura cewa kullum mu ne makamin da ake fara zarewa, domin manya ne ke hawa jirgi, rufe ƙofar filin Abuja na awa uku ya fi zanga-zangar mako guda amo. In ƙura ta lafa kuma sai a mance da namu matsalolin. Ni kaina na yi aiki a wani kamfani mai zaman kansa inda duk wanda aka ji yana zancen ƙungiya, a ƙarshen wata ba za a sabunta masa kwantiragi ba. Yaran da ke ɗaukar kaya a irin waɗannan wurare ba wanda ya taɓa rufe ƙofa dominsu.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, ka kai wa Majalisar Tarayya buƙatar cire sashen nan na hana yajin aiki. A madadinsa a kafa zaman sasanci na dindindin, wanda doka ce ta kafa shi ba ra'ayin minista ba, inda ƙungiyoyi da kamfanoni da hukumomin gwamnati za su zauna a kan lokaci sananne, a kuma wajabta cewa ba za a jinginar da fili ko a ɗaga hedikwata ba sai an rubuta makomar ma'aikata an sa hannu. A sa har da ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu a ciki. Kai ma wata rana za ka bar ofishin nan, wanda zai gaje ka kuma zai zo da nasa tsarin. Ina so kafin ranar a ce akwai takardar da mai lodi a Kano zai iya ɗagawa ko wane ne ke kan kujera.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Tsohon ma'aikacin filin jirgi, Kano