Zagaye fili kaɗai ba ya shirya ɗan rugbi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ɗana yana buga rugbi, wasan ƙwallon da ake runguma a ruga da ita, kuma bana ma shirin ƙungiyarsu na shiga kakar wasa bai wuce zagaye fili har su galabaita ba. Abin yana damuna. Rugbi minti 80 ne na zabura da karo, a faɗi, a tashi a sake zabura. Bara a wasan farko tsokar bayan cinyarsa ta yage, wata biyu yana ɗingishi.

Don Allah masu horarwa su riƙa sa gajeren gudu na mita 10 zuwa 30 da hutu a tsakani, tun jiki bai gaji ba. Su kuma auna yaran da gwajin Bronco: gudun mita 20, 40 da 60, je ka dawo, sau biyar, a rubuta lokacin kowa.

Wani uba, daga Kano