Sanarwa: Addu'ar kwana arba'in ta Baba

Assalamu alaikum iyayenmu, yayye da ƙanne. Ya ƙarin haƙurinmu?

Ranar Asabar mai zuwa Baba zai cika kwana arba'in da rasuwa. Za a yi saukar Alƙur'ani da addu'a a gidansa da ƙarfe 9 na safe, maza a ƙofar gida, mata a ciki wajen Inna.

Jikoki sun san shi ne a matsayin tsoho mai rediyo a kunne. To, yana saurayi ya shiga soja lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, daga baya aka tura shi Labanon aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya. Bai cika son zancen yaƙi ba. In ka matsa masa, sai ya ce a kawo shayi. Abin da muka gani da idonmu shi ne yadda ya riƙe marayun ƙaninsa tare da mu da ɗan fanshonsa, baƙo bai isa ya bambanta mu ba.

Kowane magidanci zai ba da naira 10,000 ta abincin sadaka, a miƙa wa Yaya Babba kafin Alhamis. Wanda bai da hali kada ya ji nauyi, ya zo da kansa. Samari ku ɗauko tabarmi da kujeru, domin tsofaffin sojoji abokansa za su zo, gwiwoyinsu ba sa son zaman ƙasa.

Duk wanda ya san akwai bashi tsakaninsa da Baba, don Allah ya same ni a gefe. Mai hotonsa da kaki kuma ya turo mini.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya bar zumunci.

Naku, ɗan'uwanku.