Wasiƙar godiya ga gidan abinci na 7 Portes, Barsalona

Zuwa ga masu gidan 7 Portes da dukan ma'aikatansu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya jama'a?

Na rubuto ne in yi muku godiya a bainar jama'a, kuma da Hausa na rubuta da gangan, domin 'yan uwana da ke shigowa Barsalona don kasuwanci ko karatu ko kallon ƙwallo su ma su amfana. Tambayar da suka fi yi mini ba ta wuce ɗaya: a ina Musulmi zai ci abincin mutanen Kataloniya na asali hankalinsa kwance? Yanzu ina da amsar da zan ba su ba tare da inda-inda ba.

Dalilin tambayar a fili yake. Girkin gargajiya na Kataloniya, yankin Sifaniya da Barsalona ke ciki, ya dogara ƙwarai da alade. Akwai tsiran hanjinsu da suke kira botifarra da fuet, akwai kitsen alade da wasu ke soya abu da shi, akwai escudella, farfesun hunturu da ake dafawa da ƙashi da naman alade. Hatta canelons, naɗaɗɗiyar taliyar da ake ci ranar 26 ga Disamba, yawanci da shi ake cusa ta. Wake ma bai tsira ba, don wanda ake kira faves a la catalana da tsiran jini ake dafa shi. Ga kuma giya da ake ɗan zubawa a miya. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a Disamban 2014 ta wajabta wa gidajen abinci bayyana abubuwa 14 da kan tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, irin su gyaɗa, riɗi, madara, ƙwai da kifi, amma alade ba ya cikin jerin. Saboda haka duk iya karatun da mutum zai yi wa takardar abinci, dole ya dawo ga amanar wanda ya tsaya a kansa da littafi da biro.

Wannan amanar ce na samu a gidanku. Na kawo kawuna, ɗan kasuwar aya daga Maraɗi, wanda ya je Valensiya ganawa da masu sayen kayansa, ya biyo ta nan kafin ya koma gida. (Ga wanda bai sani ba, mutanen Sifaniya na shan kunun aya mai sanyi da suke kira orxata, kuma ban da wadda suke nomawa a Valensiya, suna sayen aya daga Nijar da maƙwabtanta.) Kawu dattijo ne da ba ya cin naman da bai san yankansa ba. Da muka zauna na yi wa ma'aikacin da ya kula da teburinmu bayani: babu alade, babu giya, babu nama ko kaza. Bai yamutsa fuska ba, bai kuma ce mana “babu komai, ku ci” don ya sallame mu ba. Yatsa ya sa a kan shinkafar da gidanku ya fi suna da ita, paella Parellada, ya ce wannan ba tamu ba ce, akwai nama a ciki. Mutum ya hana ka abin da gidansu ke tinƙaho da shi, ai ka san ba cinikin yini ɗaya yake nema ba. Da na tambayi batun romon da ake dafa shinkafar kifi da shi, sai ya ce in dakata, ya shiga kicin ya tambayo, ya dawo da amsa. Kawu ya dube ni ya ce, “Ɗana, wannan yaron ya san haƙƙin baƙo.”

Daga nan sai ci. An fara kawo pa amb tomàquet, gasasshen burodi da aka goga wa nunannen tumatir har ya jiƙa, aka ɗiga man zaitun da gishiri. Abu ne da kowane gida ke yi a Kataloniya, kuma daga shi ake gane mai da tumatir ɗin gida masu kyau ne ko a'a. Sai esqueixada, kifin bacallà da aka adana da gishiri, aka jiƙa shi ya saki gishirin, aka yayyage shi da hannu ba da wuƙa ba, aka haɗa da tumatir da albasa da zaitun. Kawu ya ɗan yi jim da ya ji ba a ɗora shi a wuta ba, amma da ya ɗanɗana bai ajiye cokali mai yatsu ba sai da farantin ya koma fari.

Inda na fi so in tsaya shi ne shinkafar. Mun karɓi arròs negre, wadda ake dafawa da baƙar tawadar da wani naman teku mai suna sípia ke fitarwa. Ta zo a cikin faffaɗan kasko mara zurfi, baƙa ƙirin tana ƙyalli, ga yankakken naman tekun a ciki, ga allioli a gefe, wato haɗin tafarnuwa da mai mai kauri. Ma'aikacin ya nuna mana kaskon tukuna, sannan ya raba mana a faranti. Ƙwayar shinkafar gajera ce mai shan romo, ba ta caɓe ba, ba ta kuma yi tauri ba. Daɗinta ya samo asali daga sofregit, albasa da tumatir da ake soyawa a hankali a kan wuta kaɗan har su yi duhu su yi zaƙi, aikin da mai gaggawa ba ya iyawa. Kawu ya roƙi a kankaro masa na ƙasan kasko, ya ce ashe Turawa ma sun san darajar ƙanzo. Muka kora da ruwan Vichy Catalán mai gas da ɗan gishiri-gishiri, wanda ake samowa daga Caldes de Malavella, muka rufe da crema catalana, haɗin madara da gwaiduwar ƙwai da kirfa da ɓawon lemo, an ƙona sukari a samansa ya zama ɓawo mai fashewa da cokali.

Gidanku da kansa abin kallo ne. Tun 1836 ƙofofinsa ke buɗe a Passeig d'Isabel II, ƙarƙashin baranda mai ginshiƙai na ginin da Josep Xifré ya gina da dukiyar da ya tara a Kyuba, a zamanin da bauta ke ci a tsibirin. A matsayina na ɗan Afirka ban iya wuce wannan ban ambata ba, ko da yake ba alhakinku ba ne. Gidan shan gahawa ne da farko, ya koma gidan abinci daga baya, Paco Parellada ya karɓe shi a 1942. Daɓen fari da baƙi, ma'aikata cikin fararen kwat, da 'yan allunan ƙarfe da ke manne a bayan kujeru ɗauke da sunayen waɗanda suka taɓa zama, irin su shahararrun masu zane Picasso da Miró da Dalí. Picasso ma a tsallaken titi ya yi karatun zane, a makarantar Llotja, yana ɗan saurayi. Abin da ya fi yi wa baƙo amfani kuwa, kicin ɗinku ba ya rufewa tsakanin abincin rana da na dare. A garin da ake cin na rana ƙarfe 2, na dare kuma sai 9 ta gota, wanda ya saba ci da an idar da magariba zai gode muku.

Na san Barsalona na da gidajen da suka fi naku tashe a duniya. Disfrutar, wanda Oriol Castro da Eduard Xatruch da Mateu Casañas suka buɗe a 2014 bayan sun yi aiki a gidan abincin elBulli na shahararren kuku Ferran Adrià, yana da taurari uku, wato maki mafi girma da littafin tantance gidajen abinci na Michelin ke bayarwa, kuma shi aka zaɓa na ɗaya a jerin gidajen abinci 50 mafi kyau na duniya a 2024. Lasarte da ABaC da Cocina Hermanos Torres su ma taurari uku-uku gare su. A Girona akwai El Celler de Can Roca na 'yan uwa uku, Joan da Josep da Jordi, wanda ya zo na ɗaya a 2013 da 2015. A irin waɗannan gidaje ana kama wuri tun da watanni, kuɗin mutum ɗaya kan kai wajen Yuro 300, kuma loma-loma ake jero maka iri-iri yadda kuku ya tsara. Mai hali da sha'awa ya je, amma ya faɗi abin da ba ya ci tun ranar da yake kama wuri, don ranar cin ta yi latti. Ni dai a ganina wanda bai taɓa cin girkin gargajiyar ba, ba zai gane abin da waɗancan gwanayen suke sarrafawa ba, don haka ya fara da irin gidanku, ko Can Culleretes da ke tsohon gari tun 1786. Ya kuma kiyayi wuraren da ke kan titin La Rambla masu hoton shinkafa a ƙofa da yaro mai kiran masu wucewa. In kuma nama yake marmari, unguwar Raval cike take da mahautan halal da gidajen abincin 'yan Pakistan da Maroko.

Ga 'yan uwa masu niyyar zuwa 7 Portes: ku kama wuri tun da wuri, musamman Asabar da Lahadi, kuma kowa ya yi tambayarsa da bakinsa, kada ya dogara da tawa, don girki kan sauya. Kalmomi biyu sun isa a riƙe, porc da vi, alade da giya ke nan.

Roƙona gare ku shi ne ku isar da godiyata ga ma'aikacin nan da ya yi ta kai da kawowa tsakanin teburinmu da kicin, da kukun da ya amsa tambayarmu a lokacin da aiki ya yi masa yawa. Kawu ya isa Maraɗi lafiya, ya kuma ce in gaishe ku da kyau. Allah ya ƙara kasuwa.

Naku,
Wani Bahaushe mazaunin Barsalona