Wasiƙa zuwa ga Habibu: inda Yahudawa suka samo sunayen danginsu

Zuwa ga aminina Malam Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Yaya sanyin Marseille, yaya kuma fama da aiki? Allah ya dafa maka.

Saƙonka ya iso, tare da jerin sunayen nan da ka ce ana ta yawo da shi a WhatsApp, wai duk wanda sunan danginsa ya ƙare da "berg" ko "stein" Bayahude ne, a yi hattara da shi. Ka ce abin ya ɗaure maka kai, domin mai shagon unguwarku sunansa Haddad, Larabci a bakinsa kamar ɗan Tunis, amma ya gaya maka shi Bayahude ne. Ka san ni da tarihi. Tunda ka taɓo wannan, sai ka yi haƙuri da doguwar wasiƙa.

Jerin nan ka goge shi, kada kuma ka tura wa kowa. Alfred Rosenberg, wanda ya tsara wa 'yan Nazi aƙidarsu ta ƙin Yahudawa har aka rataye shi a Nuremberg a 1946, ba Bayahude ba ne. Berg dutse ne mai tsawo da Jamusanci, stein kuma dutsen da ake ɗauka a hannu, kuma Jamusawa Kiristoci bila adadin suna ɗauke da irin waɗannan sunaye. Haddad ma haka: akwai Musulmi, akwai Kiristocin Labanan, akwai Yahudawa. Abin da sunan dangi yake gaya maka shi ne ƙasar da kakannin mutum suka zauna, da harshen da ake yi a kasuwarta, da hukumar da ta rubuta su a littafinta.

Asalin al'adarsu ba ta san sunan dangi ba. Mutum sunansa ne da na ubansa, a tsakiya a sa "ben" ga namiji ko "bat" ga mace, daidai da bin da bint na Larabawa. Har gobe da wannan sunan ake kiran mutum ya tashi karatun Attaura a majami'arsu, shi ake rubutawa a takardar aure, shi ake sassaƙawa a dutsen kabari. Laƙabi biyu ne kawai suka biyo jini tun zamanin da: Cohen, na masu danganta kansu da Annabi Haruna (AS), waɗanda su ne limaman haikalin Ƙudus kafin Rumawa su rushe shi a shekara ta 70 miladiyya, da Levi, na zuriyar Lawi ɗan Annabi Yaƙub (AS), masu yi wa haikalin hidima. Su ma kowace ƙasa ta lanƙwasa su yadda bakinta ya iya. Rashawa kan mai da harafin h ya koma g, sai Kohen ya zama Kogan ko Kagan. Katz kuwa, ko da yake ya yi kama da sunan kyanwa a Jamusanci, haruffan farko ne na kalmomin Ibrananci biyu masu nufin limamin adalci.

Waɗanda suka fara riƙe sunan dangi sosai su ne Yahudawan Andalus, kuma cikin Larabci suka riƙe shi, domin shi ne harshen karatunsu da cinikinsu. Babban malaminsu da Turawa ke kira Maimonides, haifaffen Ƙurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, shi ne Musa bin Maimun, kuma da Larabci ya rubuta yawancin littattafansa. Akwai gidan Ibn Ezra, akwai gidan Abulafia, wato Abul Afiya, lafiyar nan dai da muke tambayar juna kowace safiya. Wani ɗan gidan, Samuel Halevi Abulafia, shi ne ma'ajin Sarki Pedro na Kastila, ya gina majami'a a Toledo wajen 1357, tana nan tsaye har yau da rubutun Ibrananci da na Larabci a bangonta.

A 1492, shekarar da Garnaɗa ta faɗi, Ferdinand da Isabella suka ba Yahudawa zaɓi: ko su shiga Kiristanci ko su bar Sifaniya. Waɗanda suka fita sun nufi Fas da Tilimsan da Tunis, wasu suka yi Salonika da Istambul inda Sarkin Turkawa Bayazid na Biyu ya karɓe su. Da yawa sun tafi da sunan garin da aka kore su daga cikinsa. Shi ya sa za ka ga Bayahuden Maroko, kakanninsa sun yi shekara ɗari biyar a Meknes, amma sunansa Toledano, mutumin Toledo. A Fotugal kuwa ba a ma ba su zaɓin ba, a 1497 aka yi musu baftisma da ƙarfi, suka ɗauki sunayen Kiristocin ƙasar, su Pereira da Mendes da Nunes. Jikokinsu da suka tsere Amsterdam sun koma addininsu amma sunayen suka zauna. Masanin falsafa Spinoza, wanda aka haifa can a 1632, daga irin waɗannan gidaje ya fito.

Mutuminka Haddad yana cikin tsofaffin mazauna ƙasashen Magrib, wato Arewacin Afirka, kuma su sunayensu kamar kana zagaya kasuwa ne. Haddad maƙeri, Assayag maƙerin zinariya da azurfa, sana'ar da Yahudawa suka kusan mallake a Maroko da Yaman. Attar mai turare da kayan ƙamshi, Sebag marini, Nadjar kafinta, Khayat tela. Wasu na gari ne, kamar Alfasi mutumin Fas da Edery mutumin kwarin Dar'a. Wasu ma ba Larabci ba ne, na Barbar ne: "O" ɗin da ke farkon Ohana da Ohayon yana nufin ɗan wane, yadda Buzayenmu ke cewa "ag". In kun saba da shi, ka tambaye shi garin kakanninsa. In ya ce maka tsibirin Jarba, to ka san ya fito daga ɗaya daga cikin tsofaffin al'ummomin Yahudawa na Afirka.

Akwai suna ɗaya da nake so ka riƙe, domin ya shafe mu: Touati, mutumin Tuwat. Tuwat zango ne na fatake a kudancin Aljeriya ta yau, kan hanyar ayarin da ke gangarowa ƙasar Hausa da Tumbutu, kuma garin Tamantit yana da Yahudawa 'yan kasuwa da maƙera. Wajen 1490 Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Magili ya tashi a kansu, yana ganin sun wuce iyakar da shari'a ta ba ahlul zimma, wato waɗanda ba Musulmi ba da ke zaune ƙarƙashin amanar Musulmi. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda da shi ba, aka yi ta musayar fatawa da malaman Fas da Tilimsan da Tunis. Ƙarshe aka rushe majami'ar Tamantit, aka kashe wasu, sauran suka watse. Wannan Magilin shi ne ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasihar mulki, kuma da Magilin ne Sharifan birni ke danganta kansu. Muna karanta zuwansa Kano da alfahari, kuma ya cancanta, amma ni ina ganin ɗalibanmu su san abin da ya faru a Tuwat ma, har da cewa malaman zamaninsa sun saɓa a kai. Sunan Touati yana nan a gidajen Yahudawan Aljeriya da Tunisiya, yana nan kuma a gidajen Musulmi, kuma a Faransa za ka iya cin karo da kowanne.

Yahudawan Jamus da Polan da Rasha, waɗanda ake kira Ashkenazi, labarinsu daban ne, kuma su ne jerin nan yake nufi. Har ƙarshen ƙarni na 18 talakawansu ba su da sunan dangi. Masu shi su ne gidajen malamai, da mazauna manyan birane irin Prague da Frankfurt. Gidajen malamai sun riƙe sunan garin asali: Shapiro daga Speyer, Halpern daga Heilbronn, Horowitz daga wani ƙaramin gari a Bohemiya. A Frankfurt, tun 1462 aka tattara Yahudawa a lungu guda, gidajen ba lamba sai alama a ƙofa. Gida mai jar garkuwa ya ba da Rothschild, mai baƙar garkuwa ya ba da Schwarzschild, mai hoton jirgin ruwa ya ba da Schiff. Ka ga sunan Rothschild da ake ta ƙulla tatsuniyoyin mulkin duniya a kansa, allon ƙofar gida ne a unguwar da ake kulle mutanenta da dare.

Sauran jama'a kuwa doka ce ta sa musu. A watan Yuli na 1787 Sarki Joseph na Biyu na Ostiriya ya ba da umarni kowane Bayahude ya ɗauki sunan dangi na dindindin daga farkon 1788. Rasha ta bi a 1804 ta sake jaddadawa a 1835, Napoleon ya yi tasa a 1808 har ya hana ɗaukar sunan gari ko na Attaura sai ga wanda dama da shi aka san shi, Prusiya ta yi a 1812. Dalilin kuwa haraji ne da ɗaukar soja. Akawu ba zai iya bin sawun Musa ɗan Ibrahim ba in ƙauyen cike yake da masu wannan suna, kuma ɗan kowanne zai tashi da wani sunan daban. A Rasha abin ba wasa ba ne, domin daga 1827 aka fara ɗibar samarinsu aikin soja na shekara 25, har da yara 'yan shekara 12. Shiga rajista a lokacin yana iya zama rabuwa da ɗa.

Mu ma ai rajistar ce ta yi mana. Da yaran Arewa suka shiga makarantar boko, Muhammadu da Abubakar suka yi yawa a aji, sai aka liƙa wa kowa garinsu. Daga nan muka samu Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari, Sardauna kansa Ahmadu Raba ne a makaranta.

A yankin Galisiya, wanda Ostiriya ta yanka daga Polan a 1772, ma'aikata masu jin Jamusanci ne suka yi rajistar, sai aka yi ta haɗa kalmomi biyu masu daɗin ji: Rosenthal kwarin furen wardi, Goldberg dutsen zinariya. Ba wardi ba zinariya a gidan, kalma ce kawai aka cike gurbi da ita. Za ka ji ana cewa mai kuɗi ya sayi kyakkyawan suna, talaka aka ba shi na wulaƙanci. Labarin ya yaɗu ƙwarai, amma Alexander Beider, wanda ya shafe shekaru yana bin tsofaffin rajistocin, ya nuna sunayen zagi kaɗan ne, kuma masu ɗauke da na wardi da zinariyar galibinsu talakawa ne. Sana'a ma ta ba da nata kason, kuma nan ne abin ke burge ni: tela ɗaya, a Jamus Schneider, a Polan Kravitz, a Rasha Portnoy, a Bagadaza Khayat. A Belarus kuma aka samu sunaye da yawa daga uwa, Rivkin ɗan Rifka, Sorkin ɗan Saratu, Dvorkin ɗan Debora, domin a gidaje da dama mace ce ke zaman shago, ita kasuwa ta sani, miji yana can wajen karatu.

Can gabas kowa ya bi maƙwabtansa. Na Jojiya suna da "shvili", na Bukhara suka samu "ov" da "ev" bayan Rasha ta ci yankin, na Iran suka yi rajista zamanin Riza Shah, su Kashani da Hamadani. Bene Israel na yammacin Indiya sukan ɗauki sunan ƙauye su ƙara "kar" irin na Marathi, kamar Penkar da Kehimkar. Na birnin Kaifeng a Sin sunayen Sinawa bakwai suka riƙe, ciki har da Li da Zhao.

Ƙarni na 20 ya juya abin. A Jamus, sunaye sun gauraye har gwamnatin Hitler ta kasa gane Bayahude da suna, sai ta yi doka a watan Agusta na 1938 cewa duk Bayahuden da sunan yankansa ba ya cikin jerin da ta ware musu, namiji ya ƙara "Israel", mace ta ƙara "Sara". Shekara uku bayan nan aka fara kwasar mutane a jiragen ƙasa zuwa inda ba su dawo ba. Wannan ne ya sa raina ke ɓaci duk lokacin da na ga ana jera sunaye ana cewa a yi hattara da masu su.

A Amurka Yahudawa da kansu suka riƙa zuwa kotu suna sauya suna, saboda ana hana su aiki da gurbin jami'a. Mai rigunan Polo, Ralph Lauren, Lifshitz aka haife shi. A Falasɗinu kuma, 'yan Sahayoniyya sun yar da sunayen Turai sun ɗauki na Ibrananci: David Grün ya zama Ben-Gurion, Golda Meyerson ta zama Meir, Shimon Perski ya zama Peres, gidan Mileikowsky ya zama Netanyahu. Ana yaɗa wannan a intanet kamar an tono asiri, alhali a fili aka yi shi, Ben-Gurion ma matsa wa hafsoshin soja da jakadu ya yi su sauya. Abin da ya fi cancantar a yi magana a kai shi ne, daga 1949 gwamnatin ta kafa kwamiti ya bi taswira yana goge sunayen Larabci na duwatsu da kwaruruka da rijiyoyi yana sa na Ibrananci. Ka san matsayina kan zaluncin da ake wa Falasɗinawa, bai sauya ba. Amma gwamnati ce ke da alhakinsa, ba mai shagon unguwa ba.

Na ƙarshe da rajista ta cim ma su ne Yahudawan Habasha, waɗanda aka kwashe ta Sudan a 1984 da kuma daga Addis Ababa a 1991. Su kamar sauran Habashawa suke, kamar mu, sunan mutum da na ubansa. Da suka sauka sai akawu ya ɗauki sunan uba ko na kaka ya mai da shi na gida gaba ɗaya, da yawa ma aka sauya musu sunan yanka. Kusan abin da ya same ka ke nan da ka je rajistar haihuwar A'isha, aka ce sai ta ɗauki abin da ke gurbin sunan dangi a fasfonka. Yanzu sunan Baba, Allah ya jiƙansa, shi ne sunan danginku a Faransa, ita da ƙannenta duk shi za su amsa.

Ka gaida uwargida da yara da kyau. Inna tana gaishe ka, tana tambaya ko za ku zo Babbar Sallah, ka kira ta ka ba ta amsa da bakinka. Kilishi da yajin da ka yi sautu suna nan na ajiye, ina jiran mai tahowa. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Naka har kullum,
Lawal
Kano