Wa ke da MP3, wa ke da rurin zaki?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana damuna. Sana'ata tace sauti da haɗa bidiyo, ina kuma koya wa matasa wannan aiki. Kusan duk wanda ya zo koyo, doka ɗaya ya sani, wato haƙƙin mallaka, kuma komai a ƙarƙashinta yake jefawa. Alhali a cikin guntun bidiyo na minti ɗaya akwai haƙƙoƙi iri uku. Na mai waƙa da mai fim shi ne wanda kowa ya sani, ba shi ya kawo ni ba yau. Sauran biyun nake so a fahimta: haƙƙin ƙirƙira, wanda hukuma ke ba mutumin da ya ƙago sabuwar dabara, da kuma tambarin kasuwanci.

Bari in ɗauki MP3, tunda babu wayar da ba ta san shi ba. Masu bincike a cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus, ciki har da Karlheinz Brandenburg, su ne kan gaba wajen ƙago shi, aka fitar da ƙa'idarsa a 1993. Hikimar da ke ciki tana burge ni har gobe. Sun lura kunnen ɗan Adam ba ya jin komai da komai. Idan ƙara mai ƙarfi ta tashi, siririn sautin da ke kusa da ita ɓacewa yake yi. Sai suka ce to me zai sa a adana abin da kunne ba zai ji ba? A zubar da shi. Da haka minti ɗaya na sautin faifan CD, wanda ke cin kusan megabait 10, ya koma kusan 1. Wannan dabarar aka yi wa rajista, kuma shekara da shekaru duk kamfanin da zai ƙera na'ura ko ya rubuta manhajar da ke karanta MP3 sai ya biya kuɗin lasisi.

A Afrilun 2017 masu karɓar kuɗin suka sanar sun rufe shirin lasisin, domin wa'adin takardunsu na haƙƙin ƙirƙira ya cika. Nan take kafafen labarai da dama suka buga cewa MP3 ya mutu. Na ga mutane hankalinsu a tashe, suna tambaya ko karatuttuka da hirarrakin da suka tara za su daina buɗewa. Labarin a juye aka ba da shi. Abin da ya faru shi ne MP3 ya zama na kowa. Haƙƙin ƙirƙira yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da jama'a: ka bayyana yadda dabararka take a rubuce, a ba ka shekara 20 daga ranar da ka shigar da takarda kai kaɗai ke da iko da ita, bayan nan kowa ya ɗauka ba tare da ya nemi izininka ba. Ni dai ina ganin wannan adalci ne. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗakin gwaji ya cancanci ya ci guminsa.

Inda nake da ja shi ne lokacin da abu ya zama hanyar da kowa dole ya bi, sannan masu karɓar kuɗin hanya suka yi yawa har mai tafiya bai san wa zai biya ba. Microsoft ya biya Fraunhofer dala miliyan 16 na lasisin MP3, duk da haka a 2007 wata kotu a San Diego ta Amurka ta ce ya biya kamfanin Alcatel-Lucent dala biliyan 1.52 a kan wasu takardu biyu da suka shafi MP3 ɗin dai. Daga baya alƙali ya soke hukuncin, amma a duba: in kamfani mai rundunar lauyoyi zai shiga wannan hali, ina ga ƙaramin mai rubuta manhaja?

A ɓangaren bidiyo abin ya fi tsanani. Tsarin matse bidiyo na H.264, wanda ya fito a 2003, ya karɓu a duniya domin yawancin masu haƙƙinsa sun haɗu a inuwa ɗaya, a biya wuri guda a wuce. Magajinsa H.265 na 2013 ya fi shi iya matse hoto, sai dai masu haƙƙinsa sun rarrabu ƙungiya-ƙungiya, wasu ma suka ƙi shiga kowace. Sakamakon haka muna ganinsa a teburin aiki. Mutum zai ɗauko bidiyo da sabuwar waya, ya kawo a tace, kwamfuta ta nuna baƙin allo sauti na tafiya. Sai ya ɗauka wayarsa ce ta lalace ko mai tacewar ne bai iya ba. Sau da yawa babu abin da ya lalace, lasisi ne kawai ba a biya wa waccan manhajar ba.

Wannan ne ya sa manyan kamfanoni irin su Google da Amazon da Netflix da Mozilla da Microsoft suka haɗu a 2015, suka fitar da sabon tsarin matse bidiyo mai suna AV1 a 2018 a kan cewa ba za a biya kuɗin lasisi ba. Ko shi ɗin bai tsira gaba ɗaya ba, don akwai masu iƙirarin cewa yana taka nasu haƙƙin. A sauti kuwa akwai Opus, wanda aka tabbatar a 2012. Duk saƙon muryar da ka tura ta WhatsApp da shi aka naɗe shi, kuma ba a taɓa neman ko sisi daga gare ka a kansa ba.

Tambarin kasuwanci kuma lamarinsa daban ne, shi ne matasanmu suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ba ya kare dabara, suna yake karewa, domin mai saye ko mai kallo ya san daga ina abu ya fito. Kuma ba rubutu ko zane kaɗai ba ne, sauti ma yana zama tambari. Ƙararrawa uku ta gidan rediyon NBC ita ce sauti na farko da aka yi wa rajista a Amurka, a 1950. Rurin zakin da ke buɗe finafinan MGM tambari ne, haka ɗan kiɗan Intel. Ba kowane sauti ake karɓa ba. Harley-Davidson ya nemi a yi wa ƙugin injin babur ɗinsa rajista a 1994, sauran masu ƙera babura suka ce nasu ma haka yake ƙugi, a 2000 ya janye. A 2021 kotun Tarayyar Turai ta ƙi amincewa da ƙarar buɗe gwangwani da shuuu ɗin da ke biyo baya, domin mai ji ba zai gane kamfani ta wannan ba. Tambari kuma ba ya da wa'adin ƙarewa irin na ƙirƙira. A yawancin ƙasashe ana sabunta shi duk shekara 10, muddin ana amfani da shi.

Wasu na ganin rashin wa'adin nan zalunci ne. Ni ban ga haka ba, saboda tambari mai kallo yake karewa kafin kamfani. Wani ɗalibina ya taɓa liƙa tambarin wata tashar labarai da kiɗan buɗe shirinta a kan bidiyon da ya haɗa, wai don ya yi kyau. Na sa ya cire a gabana. Bai yi da mugun nufi ba, amma da wannan hanyar ce ake yaɗa bidiyon ƙarya: a ɗora tambarin gidan da mutane suka yarda da shi, dattijo ya gani ya gaskata ya tura wa iyalinsa. Wanda ya ari tambarin wani, amanar da jama'a suka ba wancan ya sata, ko da kotu ba ta taɓa jin labarinsa ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, idan labari irin wannan ya zo teburinka, a tambaya tukuna wane haƙƙi ake magana a kai, na waƙar ne, na dabarar ne, ko na sunan. Ga masu adana muryoyin malamai da hirarrakin tsofaffi kuma, ku ajiye asalin naɗin a WAV ko FLAC, waɗanda ba sa zubar da komai daga sautin, sannan ku fitar da kwafin MP3 ko Opus don rabawa.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Wani mai tace sauti da haɗa bidiyo