Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga mai tambaya kan man ɓawon lemu da gyambon ciki

Assalamu alaikum Malam.

Ka yi tambaya a gaban jama'a cewa likita ya tabbatar kana da olsa, ka kuma ji ana cewa ɗigo uku na man ɓawon lemu a kofin ruwa kowace safiya na warkar da ita. Shin ka ajiye omefrazol, maganin rage asid na ciki, ka koma wa man? Kada ka ajiye. Amma maganar da ka ji ba daga sama ta faɗo ba, tana da asali, shi ya sa take da saurin shiga kunne.

Man da ake matsowa daga ɓawon lemun zaƙi, kashi 90 cikin 100 ko fiye na abin da ke cikinsa sinadari ɗaya ne, limonen. A na lemun tsami bai kai haka ba. A shekarar 2009 masu bincike a Birazil suka ba ɓeraye man ɓawon lemu mai ɗaci, miligiram 250 a kowane kilo na nauyin ɓera, sannan suka ɗura musu barasa tsantsa ko maganin ciwo mai cin bangon ciki. Waɗanda aka ba man ba su ji rauni kamar sauran ba. Man bai rage ruwan asid ba, yauƙin da ke lulluɓe bangon ciki ne ya ƙara kauri. Wannan sakamako ne na gaske.

To amma duba lissafin. Idan aka juya wannan adadi zuwa jikin mutum mai kilo 70 ta hanyar da masana magunguna ke bi, ya kusa giram 3 a sha ɗaya, wato ɗigo sama da 60. Ɗigo ukun nan ko kusa bai je ba. Wanda kuma ya ce bari ya sha sittin ɗin ya ɗebo wa kansa wata fitinar: man ba ya narkewa a ruwa, yana tasowa sama ne ya taɓa leɓe da maƙogwaro tsantsarsa, ya kawo zafi da ƙwannafi da tashin zuciya. Idan yaro ya sha ya shaƙe shi zuwa huhu, lamarin na asibiti ne nan take. Kwalbar da ta daɗe a buɗe ta sha iska ta fi muni, don limonen ɗin ya lalace ya zama mai sa ƙaiƙayi da kumburi. Ga shi yawancin abin da ke kasuwa an yi shi ne don ƙamshi, ba wanda ya auna shi a matsayin abin sha.

Babban abin ma shi ne, gyambon ɓera a ɗakin gwaji da naka ba lallai ne hanyarsu ta zama ɗaya ba. Na mutane galibi abu biyu ke kawo shi. Na farko ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostireliya a 1982, har suka samu kyautar Nobel a 2005. Na biyu yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibufrofen, diklofenak da asfirin. Man lemu na iya kashe ƙwayar a cikin farantin ɗakin gwaji, haka ma gishiri da sabulu, amma ita a ƙarƙashin yauƙin ciki take fakewa, kuma babu wata ƙa'idar likitanci da ta sa shi cikin maganinta.

Ga abin da zai amfane ka. Ka nemi gwajin ƙwayar ta numfashi ko ta bahaya. Gwajin jini ba ya bambance wanda ke ɗauke da ita yanzu da wanda ya taɓa yi ya warke. Omefrazol na ɓoye ta, don haka likita kan dakatar da shi mako 2 kafin gwaji, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma mako 4. Wannan shi zai tsara maka, ba kai da kanka ba. Idan an same ta, haɗin da aka fi sani shi ne omefrazol miligiram 20, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta biyu, amoksisilin giram 1 da klaritromaisin miligiram 500, kowanne sau biyu a rana har kwana 14. Inda ƙwayar ta daina jin klaritromaisin ana komawa haɗin magunguna huɗu mai ɗauke da sinadarin bismut. Inda mutane suka fi kuskure shi ne su ji sauƙi a rana ta biyar su watsar, sai ƙwayar ta dawo ta ƙi jin magani. Bayan mako 4 da gamawa a sake gwaji.

Shi kansa gyambon yakan ɗauki mako 4 zuwa 8 kafin ya haɗe, kuma omefrazol ya fi aiki idan an sha shi rabin awa kafin karin kumallo. Ka bar taba, ka bar magungunan ciwon nan ka koma farasitamol, sai dai idan asfirin ɗin likitan zuciya ne ya ɗora ka a kai, to da shi za a yi shawara. Idan gyambon a tumbi yake ba a bakin hanji ba, akan sake leƙawa da bututu mai kyamara bayan wata biyu, don wani lokaci ciwon daji kan yi kama da shi.

Lemu kuwa ka sha abinka in ba ya tayar maka da zafi. Amma ranar da ka ga bahaya baƙi ƙirin kamar kwalta, ko amai da jini, ko ciki ya murɗa farat ɗaya ya sandare, ko jiri na ɗibarka, ka tafi asibiti a wannan sa'ar.

Allah Ya ba ka lafiya. Wassalam.