Ɗan farina ya doshi shekara uku bai ce uffan ba, kuma ina zargin ba ya ji

Assalamu alaikum Anti,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya ke da abokan aikinki, Allah ya saka miki da alheri kan wannan fili. Na daɗe ina sauraronki ina wanke-wanke ko ina tankaɗe, ban taɓa kawowa a raina wata rana ni ce zan rubuto ba. Don Allah a sakaya sunana, saboda rediyon Hajiya surukata a kunne yake wuni.

Shekarata 24, ina aure a cikin birnin Kano, a babban gida. Akwai surukaina, akwai wan mijina da matansa biyu, sai mu a ɗakin ƙarshe, daf da rijiya. 'Ya'yana biyu. Babban namiji ne, shekararsa 2 da wata 8, sunan kakansa ya ci shi ya sa ake ce masa Abba. Ƙanwarsa watanta 10. Har yau Abba bai taɓa furta kalma ɗaya ba, ko "Umma", ko "ruwa". Sai dai ihu da wani gurnani a maƙogwaro.

Ba wai yaron ba shi da wayo ba ne, kuma wannan ne ya rufe wa kowa ido, har da ni. Ya yi zama da rarrafe kamar kowane yaro. Tafiya ce ta ɗan yi jinkiri sai da ya kai wata 16, amma nas ɗin da ke yi mana rigakafi ta ce duk yaron da ya taka kafin wata 18 yana cikin ƙa'ida. Yanzu kuwa hawa turmi, hawa taga, babu wanda ba ya yi. In ya ga babansa ya shimfiɗa darduma sai ya je gefensa ya yi ruku'u da sujada. In ƙishirwa yake ji sai ya ja zanena har gindin randa ya ɗaga hannu zuwa baki. Babur ma yana da alamarsa, ya dunƙule hannu yana murzawa. Idonsa kullum a kan fuskar mutum yake, kamar zai cinye ka da kallo.

Ƙanwarsa ce ta tona mini asiri. Tun tana wata 6 in cokali ya faɗi sai ta zabura, in na yi magana daga bakin ƙofa sai ta juyo tana neman inda nake. Yanzu bakinta ba ya hutawa da gwaranci, "ba-ba-ba, da-da-da". Na zauna na yi ta tunani, yaushe Abba ya yi irin wannan? Ya ɗan fara yana jariri, daga baya ya yi shiru, ni kuma na ɗauka yaro ne mai haƙuri. Rannan da babu kowa a tsakar gida na lallaɓa ta bayansa yana wasa da murfin kwalba, na ɗauki faranti na buga da ludayi har kunnena ya yi ƙara. Ƙanwar da ke bayana ta tsala kuka. Shi ko gezau. Na kuma lura in na ba shi waya yana kallon katun, da murya da babu murya duk ɗaya ne a wurinsa. Wayar ma, in faɗi gaskiya, na bar masa ita fiye da kima lokacin da nake fama da laulayi. Daga baya na ji cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tun 2019 kada ɗan shekara 2 ya wuce awa ɗaya a rana yana kallo. Na rage, amma zuciyata ba ta ba ni cewa wayar ce ta hana shi magana ba.

Abin da ya hana ni barci ya faru ne makon jiya, ranar Talata da hantsi. Rijiyarmu ba ta da ginannen baki, tsohuwar taya ce aka ɗora, ana rufe ta da guntun kwanon rufi a danne da dutse. Almajirin gidan ya ja ruwa ya kai ɗakin Hajiya, ya bar ta a buɗe don zai dawo. Ina kicin ina tuƙa tuwo, na ɗago kai sai na hango Abba yana bin wata 'yar tsakuwa da ƙafa, ya nufi bakin rijiyar kai tsaye, ya ba ni baya. Anti, na manta da wata kunyar ɗan fari, na ƙwala masa kira da sunansa na yanka, abin da ban taɓa yi ba. Faccalata ta yi ihu, yaranta suka yi ihu. Bai waiwayo ba. Ƙafarsa ɗaya ta riga ta taɓa tayar lokacin da almajirin nan ya yar da bokiti ya cafko wuyan rigarsa. Yaron ya juyo yana dariya, ya ɗauka wasa ake yi da shi. Ni kuwa muciya a hannuna, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, a nan na zauna a ƙasa.

Da yamma aka yi ta maganar a gidan, amma abin da aka tsayar shi ne yaron taurin kai gare shi, almajiri kuma ya sha faɗa. Hajiya ta ce ai yana ji sarai, tunda in aka buga ƙofa da ƙarfi ko aka tayar da janareto yana juyawa. Ni a ganina girgizar ce yake ji a jikinsa. Ta ce babansa ma sai da ya shekara 4 ya buɗe baki, kuma maza dama nauyin baki gare su. Wata gwaggon mijina ta ce ciki ya sha, tunda na samu cikin ƙanwarsa ban yaye shi ba. Wata maƙwabciya ta ce iska ce. An karɓo rubutu, ina ba shi, ina kuma tofa masa addu'a safe da dare, wannan ba ni da ja a kai. Wanda ya tayar mini da hankali shi ne an yanke shawarar kiran wanzami ranar Asabar mai zuwa ya yanke masa linzami. Yaron da ke zaro harshe ya lashe kwanon fura tas, wane linzami ne ya riƙe shi? Kuma ko da akwai, me ya haɗa harshe da rashin waiwayowa in an kira shi?

Akwai abin da nake ta juyawa a raina wanda ban gaya wa kowa ba. Abba ya yi shawara yana jariri, irin ta ciwo nake nufi, ba irin wadda nake nema a wurinki ba. Kwana 3 da haihuwa idonsa ya yi rawaya. Aka ce a riƙa shanya shi a hantsi, zai washe. Ana ta hidimar suna, ni ina wankan jego, ba ni da ta cewa. A kwana na 6 ya ƙi kama nono, yana wani kuka mai tsini yana banƙarewa. Sai a lokacin aka kai shi asibiti, ya kwana 5 a ƙarƙashin shuɗiyar fitila an rufe masa ido, har aka yi maganar canza masa jini, Allah ya taƙaita. Raɗin suna ma yana gadon asibiti aka yi. Wata nas ta tambaye ni ko na ajiye kayansa da kafur. Na ce akwatin cike yake da shi, don tun ina wata 7 na jera kayan. Ta ce akwai jarirai, musamman maza, da suke gado wani rauni a jini, kafur yana farfasa musu ƙwayoyin jini shawarar ta yi tsanani. Ranar sallama likita ya ce shawara mai ƙarfi tana iya taɓa jijiyar ji, mu dawo a gwada kunnensa. Muka ga yaro ya murmure ya yi ɓul-ɓul, ba mu koma ba. Ban ɗora wa kowa laifin wannan ba, da ni aka yi sakacin. Bayan wannan bai yi ƙyanda ba, bai yi sanƙarau ba, rigakafinsa kuma cikakke ne, har allurar ƙyanda ta wata 9 da ta wata 15.

Sai maganar kunya, wadda ita ce ta ɗaure ni. Kin san al'adarmu, uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari a gaban surukai, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a bainar jama'a. Ni na riƙe wannan da gaske don a ce ina da tarbiyya. Da aka yaye shi ɗakin Hajiya ya koma, can yake kwana har yanzu, ɗanta ne. To yanzu ta yaya zan buɗe baki in ce mata jikanta kurma ne? Na gwada ta wajen maigidan. Da na ambaci gwajin kunne sai ransa ya ɓaci, ya ce in daina yi wa ɗansa mugun baki, ya ɗauki hularsa ya fita. Mutumin kirki ne, yana son yaron kamar ransa, na san tsoro ne yake ji kamar yadda nake ji. Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Wani lokacin har nakan tambayi kaina ko kawaicin da na yi, rashin zama in yi ta yi masa hira kamar yadda nake yi wa ƙanwarsa a ɗaki, shi ya sa ban gano da wuri ba.

Na yi karatun NCE kafin aure, kuma abin da na riƙe daga darasin tarbiyyar ƙananan yara shi ne ɗan shekara 2 ya kamata a ce yana haɗa kalma biyu, kamar "ba ni" ko "Umma zo", kuma shekaru ukun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin kama harshe. Wata 4 ya rage wa Abba ya cika ukun. A wani shiri da aka yi ranar 3 ga Maris, ranar ji ta duniya, na ji likita yana cewa yara miliyan 34 ne a duniya ke da matsalar ji mai tsanani, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na matsalar a yara abu ne da za a iya kauce masa. Ya ce akwai na'urar da ke gwada jin yaro ko yana barci, ba sai ya iya magana ba. Na san akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Wanne ya kamata mu fara zuwa, kuma sai an ba mu takarda daga ƙaramin asibiti? Ba na son in saci jiki in kai shi ba da izinin babansa ba, ranar rigakafin ƙanwarsa na yi niyyar yin haka sai na fasa.

Don haka Anti, ki taimake ni da kalaman da zan tunkari maigidan da su, ko ki faɗa mini wanda ya dace in sa a gaba. Na yi tunanin wan mijina, don Hajiya tana jin maganarsa, sai dai ina tsoron a ce na kai ƙarar miji. Mahaifiyata kuma in ta sa baki zai zama maganar surukai. Ki kuma tambayar mini likitocin da kike gayyatowa: alamun hannun nan da yake yi, in biye masa in ƙara masa wasu, ko hakan zai sa ya ƙi magana gaba ɗaya kamar yadda babansa yake tsoro? Ni dai na fara a ɓoye, na yi masa alamar "zafi" da ta "tsaya", kuma cikin kwana biyu ya kama. In ta tabbata ba ya ji, na'urar da ake maƙalawa a kunne za ta yi masa amfani a wannan shekarun? Na san da makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki, amma ya yi ƙanƙanta, me zan riƙa yi masa a gida kafin lokacin?

Rijiyar kuma ta Alhaji surukina ce, tun kafin a haifi mijina take a haka, kuma amsar da ake bayarwa ita ce yara nawa aka raina a gidan ba wanda ya faɗa. Waɗancan yaran in an daka musu tsawa suna tsayawa. Ina da 'yan kuɗin adashi da zan ɗauka ƙarshen wata, sun isa a ɗaga bakinta da bulo a sa murfin ƙarfe da kwaɗo, amma ina gudun a ce amaryar jiya ta zo tana gyara wa masu gida gidansu. Kafin nan na koma goya shi duk lokacin da ake jan ruwa, ƙanwar kuma a hannu.

In da hali a karanta wasiƙar nan kafin Asabar, don wanzamin da sassafe zai zo.

Wassalam,
Taki mai saurare, uwar yara biyu, daga birnin Kano.